Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Gombe: Kafin a Sayo Mana Na'urar Gano Bam

Mai girma Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan mambobin majalisar tsaro ta jiha.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan cikin Gombe. Ban taɓa riƙe muƙami ba, kuma ba ni da kamfanin da ke neman kwangila. Na fara da wannan ne don maganar na'ura zan yi, kuma a ƙasar nan duk wanda ya buɗe baki ya ce a sayo na'ura, sai an leƙa aljihunsa tukuna.

Wata Juma'a da ta wuce, a ƙofar masallacin da nake sallah, yaron da ke binciken mutane ya shafa mini sandar nan ta gano ƙarfe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya ce "Wuce, Malam." Ko ƙit ba ta yi ba. A aljihuna kuwa akwai makullan babur da waya da ɗan almakashin da nake yanke takarda da shi a aji. Na tsaya na ce masa, "Ɗana, ba ni in gani." Na juya ta, na buɗe murfin baya. Babu batir a ciki. Ya yi murmushi ya ce tun azumi ya mutu, an ce za a sayo. Ban ga laifinsa ba. Aikin sa kai yake yi, rana na dukansa, mu muna shiga inuwa. Amma har liman ya sauko daga mumbari hankalina na kan sandar nan. Ko da batir ɗinta sabo fil, ƙarfe kawai take ji. Ba ta san sinadarin fashewa ba, ba a ma ƙera ta don ta san shi ba.

Ranka ya daɗe, ba sai na tuna maka abin da garin nan ya gani ba, a gabanka aka yi. Ƙarshen Oktoban 2014 a tashar Gombe Line. Ranar 22 ga Disamban wannan shekara a tashar Dukku, a ranar da wani bam ɗin ya tashi a babbar kasuwar Bauchi. Sai 16 ga Yulin 2015, jajiberen ƙaramar Sallah, bam biyu suka tashi a babbar kasuwarmu da yamma, mutane na bakin azumi suna cinikin takalman yara, aka rasa rayuka wajen 50. Ba a gama karɓar gaisuwa ba, ranar 22 ga wata aka sake a tashar Dadin Kowa da ta Dukku. A jajiberen nan ni ma ina da niyyar shiga kasuwa. Tayar babur ɗina ce ta yi faci a Jekadafari, na zauna wurin mai faci ina ta tsaki, daga nan muka ji ƙarar. Alhamdu lillahi, shekaru sun wuce garin na zaune lafiya. Sai dai abin da ya faru a Gwoza a ƙarshen Yunin 2024, inda mata 'yan ƙunar baƙin wake suka shiga har taron biki, ya nuna cewa wutar ba ta mutu murus ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata fasaha da ake yawan ambata yanzu in ana maganar tsaro: gano abubuwan fashewa da hasken leza. Na tabbata ko ba yau ba, wata rana wani zai shigo gidan gwamnati da kwat da jaka da hotuna masu ƙyalli, ya ce yana da na'urar da za a kafa a ƙofar kasuwa ta hango bam daga nesa. Ina so kafin ya zo, a san abin da fasahar ke iya yi da abin da ba ta iyawa, don a san tambayar da za a yi masa.

Tushen abin ba shi da wuya, ɗalibaina 'yan aji huɗu suna kama shi a darasi ɗaya. Kowace uwar gida mai girki da gas ta san in miya ta tafaso ta zubo kan wuta, harshen wutar nan mai shuɗi sai ya koma ruwan ɗorawa. Gishirin cikin miyar ne ke yin haka. In ka sa guntun wayar tagulla a wuta, kore za ka gani. Kowane sinadari da irin hasken da yake bayarwa ko yake haɗiyewa, kamar yadda kowane mutum da zanen yatsansa. Karanta wannan zanen yatsa na haske shi masana ke kira sifektiroskofi. Leza kuwa, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1960, ita ce 'yar tocilan mai jan ɗigo da yara ke haska bango da ita, sai dai ta aiki ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amfaninta shi ne haskenta launi ɗaya ne tak, kuma ba ya bazuwa, don haka duk ɗan canjin da ya same shi bayan ya bugi abu ana iya auna shi.

Hanyar da ta fi nuna, wadda har ta fita daga ɗakin gwaji ta shiga hannun jami'ai, ita ce ta Raman. Sunan wani masanin Indiya ne, C.V. Raman, wanda ya gano abin a 1928 ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1930. Ya lura cewa in haske ya faɗa kan abu, kusan dukkansa yana dawowa da launinsa na asali, amma wani ɗan mitsitsi, kamar ɗaya cikin miliyan 10, yakan dawo da launi ya ɗan gusa, saboda ƙwayoyin abin suna karkarwa, kuma kowane sinadari da salon karkarwarsa. Na'urar yau ba ta fi bulo girma ba. Ka kara bakinta a jikin farar leda ko kwalba, ka danna, ta haska, ta gwada abin da ya dawo da dubban zanen yatsu da ke ajiye a cikinta, cikin ƙasa da minti ɗaya ko kusan haka ta rubuto maka sunan abin. Sukari da takin yuriya da amoniyam naitiret (wani taki da ake iya haɗa bam da shi) duk fari ne a ido, sai ka ɗanɗana ko ka kai ɗakin gwaji. Ita kuwa tana bambance su ba tare da an buɗe ƙullin ba.

Kada a ɗauka wannan baƙon abu ne a Najeriya. Hukumar NAFDAC, tun zamanin shugabancin Dakta Paul Orhii, ta shigo da na'urar hannu mai suna TruScan tana tantance jabun magunguna a tashoshin ruwa da kasuwanni, kuma wannan fasahar ta Raman ce a cikinta. Wato akwai 'yan ƙasar nan da suka shekara goma da ɗoriya suna riƙe irin wannan na'ura, sun san ciwonta, sun san yadda take yi in zafi ya yi yawa ko batir ya fara gajiya. Bambancin ta magani da ta bam galibi a ma'ajiyar zanen yatsun yake da kuma matakan kariya. A Ingila kuma an ƙirƙiro wani salo a cibiyar bincike ta Rutherford Appleton wanda ke iya karanta abin da ke cikin robar da ba a ganin cikinta, shi ake amfani da shi a wasu filayen jiragen sama wajen duba ruwan kwalba, tun bayan makircin tayar da bam a jiragen sama na 2006 da ya jawo dokar nan ta hana fasinja shiga jirgi da kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi burge yara in na ba su labari. Ana harba leza mai ƙarfi ƙwarai na ɗan ƙiftawa, ta ƙona ɗigon da bai kai kan allura ba, ya yi tartsatsi mai zafin dubban digiri, sai a karanta hasken tartsatsin. Motar nan ta Amurka mai suna Curiosity da ta sauka a duniyar Mas a 2012 da haka take gane duwatsu daga nisan mita 7. Amma abin da ke da sauƙi a kan dutse yana da wuya a kan bam. Wannan hanya tubalan gini take gani, ba ginin ba: za ta ce maka akwai kabon da haidirojin da naitirojin da iskar oksijin. To, su ne a cikin yawancin abubuwan fashewa, su ne kuma a cikin soson katifa da guminka da ƙosan da ka ci da safe. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Sai a haɗa da ƙurar hunturu ta watan Janairu, lokacin da ko dutsen Bima ba a hangowa. Hanya ta uku tana amfani da hasken da ido ba ya gani, da wata irin leza da aka ƙirƙiro a 1994, don neman ɓurɓushin da hannu ya bari a jikin marfin mota ko hannun jaka. Tana da makoma, kuma an yi gwaje-gwaje na gano abu daga nisan mitoci da dama, amma gwaji a fili mai tsabta daban, ƙofar Tudun Hatsi ranar da manyan motoci ke sauke masara daban.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haske haske ne. Inda hasken tocila ba ya ratsawa, na leza ma galibi ba ya ratsawa. Na'urar sai ta ga abin, ko ta ga ɓurɓushinsa a waje. Ba ta leƙa cikin mutane dubu da ke turereniya a ƙofa ta nuna ɗaya. Wasu manyan sinadaran fashewa na soja ba su cika fitar da tururi ba, abin da ke tashi daga jikinsu zuwa iska bai wuce 'yan kaso cikin tiriliyan ba, shi ya sa "shinshino" su daga nesa ya zama babban aiki har ga ƙasashen da suka fi mu kuɗi. Abu mai launi ko mai datti yakan yi wani ƙyalli da ke rufe ɗan hasken da ake nema, shi ya sa ake da na'urori masu leza iri-iri, wata ta fi wata jure wannan matsala kuma ta fi ta tsada. Ga wanda ya fi tayar mini da hankali: abu mai duhu yana shan zafin leza. A haska albarushi irin na maharbanmu da ita, yana iya kamawa. Don haka masu ƙera ta suka sa mata jinkiri, jami'i ya saita ya ja da baya kafin ta haska. Wannan ba kayan da za a miƙa wa yaron ƙofar masallaci ba ne a ce masa ya riƙa shafa wa mutane.

Na daɗe a kan wannan gaɓa da gangan, saboda tarihin wata ƙasa da bai kamata mu maimaita ba. Wani Bature ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe wata aba mai suna ADE 651: mariƙin roba da eriya mai juyawa, ana zura mata kati, wai tana nuna bam daga nesa, ko ta bayan bango. Babu abin da ke aiki a cikinta. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai wuce dala 20 ba, shi kuwa yana sayar da guda a kan dubban daloli, Iraƙi ta zuba miliyoyi masu yawa. A 2013 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10. Duk da haka sojoji suka ci gaba da riƙe ta a shingayen Bagadaza har zuwa Yulin 2016, lokacin da mota shaƙe da bam ta tashi a unguwar Karrada ta kashe mutum sama da 300. A ƙarshen azumi ne, suna sayayyar Sallah. Sai a ranar Firaminista Haidar al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta. Duk sanda na karanta wannan labari, kasuwarmu nake gani, da takalman yara warwatse a ƙasa.

Na'urar leza ta gaskiya ba ta cikin wannan sahu, kimiyyarta tabbatacciya ce. Amma bakin ɗan kwangila yana iya ɗora wa na'urar gaskiya alkawarin ƙarya, kuma sakamakon ɗaya ne: jami'i ya saki jiki, jama'a su saki jiki.

To ina amfaninta gare mu? A ganina wuri biyu ne, kuma babu ƙofar kasuwa a ciki.

Na farko, hannun sashen kwance bam na 'yan sanda. Na san rundunar ta tarayya ce, amma jihohi sun saba saya mata motocin sintiri da babura, ba wanda ya ce an yi shisshigi. A yau in an tsinci ƙulli ko jarka a tashar mota, ko an kama mutum da wani farin gari a buhu, me ke faruwa? A rufe hanya, a kori 'yan kasuwa, a jira. Wani lokaci a fasa abin a ga ashe kanwa ce. Wani lokaci kuma bawan Allah ya kwana biyu a tsare kafin a gane kayan sana'arsa ne. Na'ura ɗaya ko biyu a hannun jami'an da aka horar za ta rage wannan zuwa mintuna, kuma sakamakon da ta ajiye zai taimaka wa mai gabatar da ƙara, ko ya wanke wanda ba shi da laifi.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina, wato inda kayan ke fitowa. Jiharmu jihar fasa dutse ce da haƙar ƙasa: siminti a Ashaka, kwal a Maiganga, ga masu fasa dutsen gini, ga kuma aikin man Kolmani a iyakarmu da Bauchi. A Nuwamban 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga Ashaka, nakiya suka loda a motoci suka tafi da ita. A Janairun 2024 unguwar Bodija ta Ibadan ta girgiza, gwamnan Oyo da bakinsa ya ce nakiyar masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ce aka jibge a cikin gida. Tashar ruwan Beirut kuwa tan 2,750 na amoniyam naitiret ne da aka ajiye shekaru ba kulawa ya tashi a Agustan 2020, ya kashe fiye da mutum 200. Babu ɗan ta'adda a biyun ƙarshen nan, sakaci ne kawai. Buhu a sito ba ya gudu, ba ya turereniya, ana iya ɗibar samfurinsa a natse a haska. A nan fasahar ta fi ƙarfi.

Manoma ma za su ci moriya. Lokacin da hukumomin tsaro suka taƙaita shigar da takin yuriya Borno da Yobe da Adamawa don gudun kada a haɗa bam da shi, raɗaɗin ya iso har kasuwanninmu: direba ya kwana a shinge, kuɗin mota ya ƙaru, ya faɗo kan mai noman shinkafa a Dadin Kowa. Jami'in da ba shi da abin tantancewa, duk farin buhu abin zargi ne a wurinsa, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. An bar jaki ana dukan taiki ne saboda ba a da hanyar gane jakin. In ana iya tabbatar da cewa abin da ke cikin buhu shi ne abin da aka rubuta a takarda, mai gaskiya zai wuce da wuri. Ta nan ma za a kama masu cakuɗa taki da yashi, wanda shi ma wani bam ɗin ne a gonar talaka.

Ban ce a yar da abin da ake da shi ba. Har yau hancin kare na cikin mafi ingancin abin da duniya ke dogaro da shi, kuma malamanmu ba su hana karen gadi ko na farauta ba. A Tanzaniya ma gafiya suke horarwa. I, gafiyar nan da yaranmu ke bi da sanda a bayan gari. Wata mai suna Magawa ta gano nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba sama da 100 a Kambodiya, har aka rataya mata lambar zinare a 2020. Da na faɗa wa ɗalibaina sai da aji ya kaure da dariya, wani ya ce ashe abin da suke gasawa soja ne. Mai shayin tasha da ya san fuskar kowane kwandasta, da shugabannin 'yan kasuwa, da 'yan ƙungiyar direbobi, su ne ke fara ganin baƙuwar jaka. Leza tana zuwa ne bayan an ce "ga abu can", ta amsa tambayar "mene ne?"

Roƙona, ranka ya daɗe, kada a yi cinikin biri a sama. Muna da Jami'ar Jihar Gombe, muna da ta Tarayya a Kashere, ga ATBU a Bauchi tafiyar awa biyu. A cikinsu akwai malaman kimiyyar sinadarai da na fizis da suka yi digirinsu a kan karatun haske. Duk wanda ya kawo na'ura, kafin a sa hannu a takarda, a kira su tare da jami'an kwance bam. A jera kwalabe marasa suna, wanda ya cika su ba ya cikin ɗakin, mai sayarwa bai san me ke ciki ba. Samfurin da ke da haɗari ya kasance a hannun 'yan sanda kaɗai. A gwada a ɗaki mai sanyi, a sake gwadawa a waje da tsakar rana a watan Afrilu, a sake cikin hazo. A ƙirga sau nawa ta faɗi daidai, sau nawa ta yi shiru a kan abin haɗari, sau nawa ta yi ƙarya a kan garin rogo. Wanda kayansa ke da kyau ba zai ƙi wannan ba. McCormick da an yi masa haka a rana ɗaya da asirinsa ya tonu.

A kuma tambaye shi abin da ba a cika tambaya ba. Wa zai gyara in ta lalace, a Najeriya yake ko sai an aika Turai? Nawa ne kuɗin sabunta ma'ajiyar zanen yatsun duk shekara? Za a iya ƙara mata samfurin takinmu da nakiyar da ake amfani da ita a nan, ko a kulle take? Jami'ai nawa za a horar, kuma in an yi wa wanda ya iya canjin wurin aiki zuwa Kalaba, wa zai karɓa? Mun ga injuna masu tsada a asibitoci da makarantu lulluɓe da leda, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu, saboda wani ɗan abin da bai kai kuɗin tayar mota ba. Ɗakin gwajin da nake koyarwa ma akwai irinsu. Zai fi kyau a ajiye guda ɗaya a jami'a, ɗalibai su koya da ita a kan taki da magani, ta yadda jihar za ta riƙa yaye masu hannu a kai. Hukumar raya Arewa maso Gabas da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, duk ƙofofi ne da za a iya ƙwanƙwasawa, kuma kasancewarka shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, in Gombe ta tsara ƙa'idar gwaji mai kyau, sauran jihohi za su ara.

Yaron ƙofar masallacin kuwa na saya masa batir washegari. Juma'ar da ta biyo baya sandar ta yi ta ƙara a kan makullaina, ya dube ni yana dariya ya ce, "Malam, fito da su." Na fito da su.

In har za a yi gwajin da na ambata, ina da kwalabe 20 wankakku a ɗakin gwajinmu, da sukari da gishiri da kanwa da alawun da yuriya. A aiko kawai, zan kawo su a babur.

Allah Ya ƙara wa jiharmu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Naka mai biyayya,
Wani malamin kimiyya,
Jekadafari, Gombe.